Madam Talatu da fulawar da ake kira ƙarya

Madam Talatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin cunkoson hanyar ofis. Lambarta na gani a waya, na ɗauka ina cewa, "Madam, yau an tuna da mu?" Sai na ji muryar namiji. Mijinta ne, Mista Bitrus.

Dukanmu na Allah ne, kuma can muka nufa.

Ban ma san tana asibiti ba. Ya ce ita ta hana a gaya wa kowa.

Ba zan ce aminiyata ba ce. Na san halin mutanen dandalin nan, mutum na mutuwa kowa ya zama amininsa. Abokiyar aikina ce. Mun yi shekaru a ɗaki ɗaya a sashen yaɗa labarai, teburina na kallon nata. Ita take rubuta sanarwa da Turanci, ni in mayar da ita Hausa. Sau ɗaya na taɓa zuwa gidanta, ita kuma ta zo nawa duk lokacin da na yi suna.

'Yar Filato ce, daga wani ƙauye cikin duwatsu. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "shi" ne, ni kaina wani lokaci "kai" take ce mini. Ba ta faɗin ƙasa sai kasa, ba ta faɗin ƙofa sai kofa.

Ni kuwa waɗanda suka yi aiki da ni sun san ciwona. In ka kawo mini takarda ka rubuta ƙ babu ƙugiya, sai ka koma da abarka. Ita ta laƙaba mini Hajiya Hook, wato ƙugiya da Turanci, har masinjoji suka ɗauka.

Da azumi ba ta taɓa buɗe kular abincinta a gabana ba. Mota take zuwa ta ci, cikin zafin nan. Na ce mata ba komai, ta ci abinta. Ta ce, "Kamshin zai dame ka."

Duk Janairu, in ta dawo daga hutun Kirsimeti, zan tarar da ledar acca a ƙarƙashin teburina. Ba ta cewa ga shi, ni ma sai an tashi nake cewa na gode.

Ta san ajin da kowane ɗana yake, wani lokacin ta fi ni riƙewa.

Ita da Mista Bitrus ba su haihu ba. Kowa a ofis ya sani, ba mai zancen, mu ma ba mu taɓa yi ba.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne fulawarta.

A bakin tagarmu akwai wata tukunyar ƙasa da ta sayo a Kwali, ta sa aka huda mata gindi. A ciki akwai shukar nan mai kaurin jiki da furanni ruwan hoda, wadda masu sayar da fulawa a bakin titin Maitama suke kira desert rose, suna tsuga wa masu manyan gidaje kuɗi a kanta. A garinmu a bayan gida take fitowa, ba mai ba ta ruwa. Akwai ɗaya a gidan kakata, kuma an hana mu taɓa ruwan jikinta don dafi ne.

Ranar da na fara shiga ɗakin na gan ta, na ce, "Ikon Allah, ƙarya a ofis?"

Madam ta ɗago tana murna. "Eh, kariya! Ka san shi?"

Na ce na san ta mana.

Shi ke nan. Ni na ɗauka ƙarya ta ce da bakinta na Filato. Ita kuma ta ɗauka kariya na ce, irin yadda mu Hausawa muke matse harafi a maƙogwaro. Muka yi shekaru a haka. In za ta tafi hutu ta ce, "Kar ka ba kariya ruwa da yawa." In ce, "Ƙarya ba ta son ruwa, na sani." Kowa na ganin ɗayan ya gane.

Ranar da abin ya fito, wani sabon darakta ne aka kawo mana, yana zagaya ofisoshi. Ba mugun mutum ba ne. Irin dattawan nan ne masu son a san sun san Hausa. Ya tsaya a gaban taga ya yi dariya, ya ce wa ya kawo ƙarya gidan gwamnati, kamar wadda ke ciki ba ta isa ba.

Aka yi dariya, Madam ma ta yi. Ta ce, "Sir, nawa ne. Mamana ta shuka shi a bakin gida, daga can na yanko. Kariya, it means protection."

Ya ce a'a, a'a, Madam. Ya ɗauki biro ya rubuta mata kalmomin biyu a bayan wani fayil, ɗaya da ƙugiya ɗaya babu. Ya ce wannan sunanta ƙarya, wato kishiyar gaskiya. Ya ce Hausawa sun sa mata sunan ne saboda za ta cika da fure har ta ba ka sha'awa, ka yi ta jira, amma ba za ka taɓa ganin 'ya'yanta ba. Har ya kawo maganar da ake yi a kai, wadda ba zan maimaita ba.

Ɗakin ya yi tsit. Shi kaɗai bai san dalili ba. Ya mayar da biro aljihu ya wuce ofis na gaba.

Na ji kunya ranar kamar daga bakina maganar ta fito.

Sai da aka kusa tashi ta yi mini magana. Tana haɗa jaka, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Hajiya, abin da oga ya faɗa, haka ne?"

Na ce haka na taso na ji.

"So duk lokacin nan lie kake cewa?"

Na ce ni ma duk lokacin nan ban san kariya take nufi ba.

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Kai da hook naka." Ta ɗauki jaka ta fita.

Na zaci washegari zan tarar babu tukunyar. Tana nan. Madam kuma ta riga ni zuwa, tana gaban kwamfuta, ta yi bincikenta kamar mai shirin jarrabawa.

Ta ce sunan shukar na masana Adenium obesum. Na farkon an ce daga Aden ne, wani gari a ƙasar Yaman, wajen da Turawa suka fara cin karo da ita suka rubuta. Na biyun ma'anarsa mai ƙiba, saboda gindin nan nata da ke kumbura yana ajiye ruwa. Desert rose kuma 'yan kasuwa ne suka fi so, alhali ba ta haɗa dangi da rose ba ko kaɗan.

Na ce to ai sunan Turancin ne ƙaryar.

Ta ce, "Kowa ya ba shi suna da abin da ya gani. Bature ya ga tumbi. Mamana ta gan shi a bakin kofa. Ku kuma kun ba shi suna da abin da ba ku gani ba."

Sai ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Hoton shukar ne, da wasu abubuwa biyu dogaye a jikin reshe, manne da juna ta gindi.

"Yana yin 'ya'ya, Hajiya. Ga shi."

Na ce wannan na ƙasar waje ne. Ni dai tun ina yarinya ban taɓa gani a gidan kakata ba.

Ta ce, "Za ka gani."

Daga ranar ta ɗauki abin aiki. Ba ta taɓa cewa don me ba, ni ma ban tambaya ba. Amma duk wanda ke ɗakin ya san ba maganar fulawa kaɗai ba ce.

Ashe furen shukar nan a rufe cikinsa yake, ba kowane ƙwaro ke iya shiga ba. In kana son iri sai ka taimaka da hannu. Ta yi ta kallon bidiyon masu lambu na ƙasashen Asiya. Duk lokacin da ta yi fure, za ka ga Madam da tabarau a kan hanci, ta tsaga fure ɗaya a hankali, ta lakato garin ciki da tsinken sakace, ta kai wa wani furen. Ta gwada tsinken tsintsiya. Ta gwada gashin buroshin fenti. Ta taɓa aiken direba ya nemo mata zaren kamun kifi.

In na shigo na same ta a haka, sai in ce, "Madam, yau ma ɗaurin aure?"

Ta ce, "Yes o. Ina goro?"

Bayan 'yan kwanaki furen ya bushe ya faɗo a kan fayil. Ta share da gefen hannu ta zuba a kwandon shara, ta ci gaba da aiki. Wata shekarar ma haka. Wadda ta biyo ma haka.

Ni a raina na gama yanke hukunci. Mutanen da suka zauna da shuka kaka da kakanni ba za su sa mata suna a banza ba. Ban faɗa mata ba, na dai daina tsokanar ɗaurin auren.

Wata rana ta ce ta gano inda matsalar take. Duk waɗanda take da su, na ofis da na gida, reshen uwa ɗaya ne, wanda ta yanko daga ƙofar mahaifiyarta. A ido tukwane da yawa ne, amma shuka ɗaya ce. Da wuya ta karɓi garin kanta. Sai an samo baƙuwa daga wani wuri.

Na ce ga Maitama nan, ta je ta saya.

Ta ce, "Waɗancan 'yan gayu ne, an yi musu aiki. Ina son na daji. In ka je gida ka kawo mini na kakanka."

Kakata ta daɗe da rasuwa, an raba gidan, amma shukar tana nan a bayan katanga. Da na je babbar sallah na sa ƙanena ya saro mini reshe. Ya tambaye ni me zan yi da ƙarya a Abuja, na ce saƙo ne. Muka naɗe a buhu aka jefa a but ɗin mota tare da kayan miya da naman layya.

Yadda ta karɓi buhun nan da hannu biyu, har ta ɗan rusuna, sai da na ji nauyi. Ni ban ɗauke shi komai ba, itace ne da ko akuya ba ta ci.

Kafin reshen ya kama ya yi fure, lokacin ritayarta ya yi. Aka yi mata 'yar walima a ofis, aka ba ta agogon bango. Ta kwashe tukwanenta ta koma Kuje, inda suka yi gini. Tagar ta zama wajen tara tsofaffin jaridu.

Kun san zaman Abuja. Da farko muna waya, daga baya ya koma saƙon barka da sallah da na Kirsimeti. Accar ma ta tsaya, tunda babu teburin da za a ajiye a ƙarƙashi.

Watannin baya sai ga kiranta. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Hajiya, ka zo ka gani."

Na ce ta turo hoto.

Ta ce, "Ba hoto. Ka ce na ƙasar waje ne. Ka zo da idonka."

Ban je a makon ba. Sai da wani biki ya kai ni wajen Kuje ranar wata Asabar, na ce bari in biya in sauke nauyi.

Gidan ƙarami ne, a ƙarshen wani layi da ba kwalta. Mista Bitrus ya buɗe mini get, dogon mutum mara yawan magana, tsohon malamin makaranta. Ya kawo mini kujera da ruwa, ya ce mata baƙuwarki ta iso.

Ta rame. Na lura, na ce Madam ritaya ba ta karɓe ki ba. Ta ce likita ne ya hana ta gishiri. Na bar zancen.

Ta kama hannuna ta ja ni baranda. Tukwane ne jere, duk na Kwali. Ta wuce su ta tsaya a gaban wadda na sani, ta bakin tagarmu.

Ga su nan. Guda biyu, kore, manne ta gindi, kowanne ya nufi gefensa kamar ƙahon akuya. Sun ɗan fi yatsa tsawo.

Na daɗe ina kallo. Na kai hannu, ta buge mini shi.

"Uban shi na kakanka ne," in ji ta. "So kai ma dangi ne."

Na ce to Allah Ya raya.

Ta yi dariya har da tari. Mista Bitrus na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi. Ya ce tun da abin nan ya fito, kafin ta gaishe shi da safe sai ta gaida tukunya.

Ta yi mini bayani. Ba su nuna ba tukuna, sai sun yi watanni. In suka fara canza launi za ta naɗe su da zare, don ranar da suka tsage, irin da ke ciki kowanne yana da gashi gaba da baya, iska kaɗan ta isa ta kwashe su. Ba ta son ɗaurewa da wuri kar zaren ya ji musu ciwo. Ta ce wanda aka shuka daga iri shi ke yin babban tumbin nan sosai, na reshe ba ya kai shi. Tana son ta ga ko da guda ɗaya ya tsiro a hannunta.

"Na farko naka ne," ta ce. "Ka kai ofis, ka sa a window."

Na ce in ɗauki hoto in nemi lambar tsohon daraktan nan in tura masa?

Ta ce, "Bar shi. Ya ma manta ya faɗa. Ba don shi na yi ba."

Da ta rako ni mota na ce, to Madam, yanzu wane suna za mu kira ta?

"Ka rubuta yadda kake so, Hajiya Hook. Ni dai na gani."

Rabona da ita ke nan.

Yau da Mista Bitrus ya gama gaya mini yadda aka yi, da ranar da za a kai ta gida Filato, bai kashe wayar ba. Ina jin numfashinsa. Sai na ji bakina ya tambaye shi 'ya'yan fulawar.

Ya ce ai dalilin da ya sa ya kira ni da kansa ke nan.

Ciwon ya tashi ne farat ɗaya, suka fita ba shiri, kuma tun da aka kwantar da ita bai bar gefenta ba. Daga kan gadon ta tuna, ta ce ya je gida ya ɗaure su, lokaci ya yi. Ya ce gobe. Goben aka shiga da ita wani gwaji, jibi jikin ya rikice. Ranar da ya samu ya je, an yi iskar nan ta farkon damina kwana biyu kafin nan. Ya tarar duka biyun sun tsage sun murɗe, babu komai a ciki. Ya duba baranda, ya duba cikin sauran tukwanen, ya duba kwata da bayan katanga. Ko ɗaya bai samu ba.

Da ya koma asibiti, abin da ta fara tambaya ke nan. Ya ce mata ya ɗaure, suna nan lafiya, suna jiranta. Ta tambaye shi da wane zare, ya ce fari. Ta ce ya kyauta. Bayan nan kullum sai ta tambaya, kullum ya ce suna nan. Har jiya.

Ya ce, "Hajiya, shekara talatin da wani abu ban taɓa ba. Amma na yi mata kariya."

Shi ma ɗan Filato ne, bakinsu ɗaya da matarsa. Na san kalmar da yake nufi. Na kuma ji wadda ta fito.

Na ce, "Haka ne, Mista Bitrus. Ita ka yi mata."

Motocin baya suna ta yi mini hon, hanya ta buɗe ban sani ba.

Kirista ce, ni Musulma. Mai niyyar buɗe muhawara a ƙarƙashin rubutun nan ya yi haƙuri ya wuce, yau ba ranarta ba ce.

Allah Ya ba Mista Bitrus haƙuri da ƙarfin zama a gidan nan shi kaɗai. Allah Ya sanyaya zuciyar danginta da duk wanda ya zauna da ita ya ga alherinta. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu gama lafiya da mutane, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa mutumin nan a addu'a, kowa ta hanyar da ya sani.